Muryar Yaya Kailani

Duk wanda ya saba shiga motar Kaduna daga wajenmu a Tudun Wada ya san muryar yayana Kailani, ko da bai san fuskarsa ba. Ɗan kamasho ne, aikinsa kiran fasinja. Inna takan ce da lasifika aka haife shi. Bai taɓa shan taba ba, goro ma sai an matsa masa. Abincinsa da na 'ya'yansa duk a maƙogwaronsa yake.

Da muryar ta fara dushewa, cewa muka yi sanyi ne. Ya sha citta da zuma har ya ƙosa. Aka ce beli ne ya sauko, wanzami ya yanke. Murya dai sai ƙara shigewa take kamar ana toshe ta da tsumma. Ni na ja shi asibiti, don matarsa ba ta iya musu da shi, ni kuwa da musun na girma.

Muka zauna a bencin jira na masu ciwon wuya da maƙogwaro. Mun zaci irin wannan ciwon na tsofaffin mashaya taba ne. Akwai su kam, su ne ma suka fi yawa a ranar, amma ga wata malamar firamare daga Hanwa, Malama Comfort, da ƙullutu a wuya, ga wani ɗalibi ko gemu bai ajiye ba, nasa a can bayan hanci. Yaya ya bi su da kallo, ya raɗa min, "Ashe abin ba ya tambayar shekaru."

Likita ya ce ciwon daji ne, amma da sauran dama. Za a cire wurin da murya ke fita, ya rayu, sai dai ba zai ƙara magana kamar da ba.

"Daji fa kika ji ya ce, Ishatu," in ji Yaya muna cikin keke. "Daji ba ya son ƙarfe. Ana taɓa shi da wuƙa ko allura sai ya fantsama."

Haka kowa ke faɗa a unguwa, har da waɗanda ba su taɓa ganin mai ciwon ba. Na ce wanzamin da ya yanke maka beli, da kara ya yanka? Ya dai ƙi yarda a yi aikin. Ni na san ba ƙarfen yake tsoro ba, shirun yake tsoro. Aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kai ƙararsa wurin liman, har na gaji da jin kaina. Damina ta zo ta wuce. Malama Comfort an yi mata nata aikin, na gamu da ita a kasuwa da tabo a wuya tana cinikin tumatir.

Sai da tuwo ya daina wucewa, koko ma da ƙyar, sannan ya ce mu koma. Likita ya daɗe yana duba hoton. Ya ce ciwon ya wuce inda wuƙa za ta kai, yanzu sai dai a rage masa zafi.

Yaya kuwa ya matso, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa a maƙogwaro.

"Likita, ke nan ba za a cire muryar ba?"

"Ba za a cire ba, Malam."

"To, alhamdu lillahi," in ji shi, ya fara laluben takalminsa.