Awarwaron Jan Ƙarfe

A gidanmu na Muchia, Kaka ba ta fara tatsuniya sai an sauke tuwo, garwashi ya rage a murhu. Mu kewaye ta, ita kuma tana gasa mana masara tana cinye rabi da sunan ɗanɗanawa.

Shekarata takwas lokacin. Abin da mahaifiyata ta bar mini da ta rasu awarwaro ne guda ɗaya na jan ƙarfe, ko wanka ba na cire shi. Da damina ta yi nisa sai ya soma duhu, yana bar mini kore a wuyan hannu. Gwaggo Rifkatu, yayar babana, ta gani ta riƙe baki. Ta ce aikin iska ne, ba a sa wa yaro kayan mamaci, gobe kafin a tafi coci za ta rabu da shi. Na yi kuka har na kasa cin tuwo.

Da yammar nan Kaka ta dubi hannuna, ta ce yau labarin Iska za mu ji. Wai Iska baƙuwa ce, ta shiga unguwar ƙarafa neman masauki. Baƙin Ƙarfe, sarkin son a yabe shi, ya buɗe mata gida duka, ta yi ta cinsa har ya koma tsatsa yana zuba. Zinariya ko sallama ba ta amsa ba. Tukunyar dalma ta shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, Iska ta zauna nan ta zama mai gadi. Jan Ƙarfe kuwa abota suka ƙulla, ta ɗinka masa koriyar riga.

"Kin ji ko, Rifkatu?" in ji Kaka, idonta na kan masara. "Riga ce kawai. Lemon tsami da toka sun isa su tuɓe ta."

Gwaggo ta ce to ga shi, Kaka da bakinta ta yarda iska ce. Washegari na farka hannuna babu komai. A masai Gwaggo ta jefa shi.

Sai da na shiga sakandare a Samaru malamin kimiyya ya ce mana cikin iskar da muke shaƙa akwai oksijin, mai haɗuwa da ƙarafa. Wani ta cinye shi, wani ta yi masa siririyar fata mai kare shi, zinariya kuwa ba ruwanta. Na ajiye biro ina jin muryar tsohuwar da ba ta taɓa zama a aji ba.

Na daɗe ina jin haushin Gwaggo, ba zan ɓoye ba. Sai da na haihu na gane tsoro ne, ta ga an binne uwa, ba ta so a bi da 'ya. Ita aljani take nufi, Kaka kuma abin da ke shiga hancinmu, kuma babu wadda ta tambayi 'yar'uwarta wace iska. Jiya 'yata ta tambaye ni me kakarta, wato mahaifiyata, ta bari, na rasa abin da zan ɗora mata a hannu.