Layin da Desma Ta Tono

Desma Kurakis 'yar manomin inabi ce, a garin Mildura aka haife ta, kuma tun tana ƙarama ta tsani rana. Shi ya sa ta koyi rubuta manhaja, ta samu kujera kusa da tawa a ofishin ƙungiyar manoma. Mace ce mai shegen naci. Ko abincinta ta sa a firij sai ta liƙa masa suna, muna ta yi mata tsiya.

Manhajarmu ce ke buɗe wa gonaki ruwa. Manomi ya shigar da bayanin gonarsa a waya, ita kuma ta haɗa masa ɗan umarni nan take, ta aiwatar, ta watsar. Umarnin nan ba shi da fayil, a ƙwaƙwalwar na'ura kawai yake rayuwa.

Wata safiyar Janairu, tsakiyar bazara ke nan a wajenmu, zafi kamar bakin tanda, ga inabi ya kusa yanka, sai manhajar ta faɗi. Famfuna suka yi tsit. In aka wuni haka, amfanin shekara ya tafi.

A ka'ida, manhaja in ta faɗi takan bar rahoton bin sawu: fayil kaza, layi kaza, ga abin da ke rubuce a layin. Na buɗe namu. Lambar layi kawai, babu suna, babu rubutu, don babu fayil ɗin da za ta je ta karanto. Layin wa, cikin gonaki rututu? Wallahi na ji kamar in yi jifa da na'urar. Na ce mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Desma ta ce kafin in gama inabin ya zama busasshe. Ta zauna ta sa manhajar ta riƙa raɗa wa kowane umarni sunan gonarsa, ta kuma ajiye kwafinsa a inda mai bin sawu ke leƙawa. Ta sake kunnawa. Manhajar ta sake faɗuwa, amma wannan karon layin ya fito ɓaro-ɓaro: an raba ruwa da adadin jerin kuringar inabi, adadin kuwa sifili, na'ura kuma ba ta iya rabawa da sifili. Sunan da ke sama, gonar Kurakis, ɓangaren bakin kogi.

Ta gyara yadda sifili ba zai sake kayar da mu ba. Famfuna suka tashi. Ni dai na zube a kujera, daɗi ya ishe ni. Ita kuwa ta kira ubanta.

"Baba, me ya sa ka rubuta sifili a bakin kogi?"

"Gaskiya na rubuta, 'yata. Na tumɓuke su, sun tsufa. Na rasa bakin gaya miki ne."

Marigayiya mahaifiyarta ce ta dasa su. Desma ta ce masa ya je ya duba, ruwa ya iso sauran gonar. Ta ɗauki makullin mota ta ce in riƙe ofis, yau a gida za ta ci abincin rana.