Magnoliyar Baba a Trikania

Mahaifinmu mutum ne mai alfahari da abu biyu: ya san sanyi, ya kuma san shuka. Sanyin ya saba da shi ne tun a ƙauyensu da ke kan duwatsun Filato, inda yake cewa suna yara sai an hura wuta a ɗaki kafin tsofaffi su iya miƙe ƙafa da safe. Shukar kuwa gado ce. Shekara talatin ya yi a gaban injin saƙa a wata masaƙa a Kakuri, amma da aka rufe ta bai zauna jiran kowa ba, ya duƙufa a tsakar gidanmu na unguwar Trikania a Kaduna. Mangwaro, gwaiba, lemun tsami, tumatir a tsofaffin bokitan fenti, babu abin da bai sa ba. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ni ce na koma gidan da zama, ina koyarwa a wata firamare, ina kuma shan wa'azin taki safe da yamma.

Autarmu ma'aikaciyar jinya ce a Kanada. Can ta yi aure, can ta haifi 'yarta, kuma har yarinyar ta shekara Baba bai taɓa ganinta ba sai a waya. Kullum ya tambayi ranar zuwa, auta sai ta ce a bari yarinyar ta yi ƙwari, zafin Kaduna ba wasa ba ne, ga sauro. Idan aka kashe waya sai Baba ya daɗe yana kallonta a hannunsa. Abin yana cin ransa, ni ma yana cin nawa.

Wata Lahadi bayan coci auta ta kira mu da bidiyo, ta juya wayar ta nuna mana wata bishiya a ƙofar gidanta. Babu ganye ko ɗaya a jikinta, sai furanni farare manya kamar an jera kofunan shayi a rassa, ga sauran dusar ƙanƙara a gindin katanga. Ta ce sunanta magnoliya, kuma irin wadda sanyi ba ya kashewa ce. Takan yi wata biyar a cikin ƙanƙara, da zarar an ɗan sami sauƙi sai ta riga kowa fure.

Baba ya gyara tabarau. "Aiko mini da irinta."

"Baba, ba za ta yi a Kaduna ba. Bishiyar sanyi ce."

"Ni za ki gaya wa sanyi? To ji nan. Idan bishiyar ƙasarku ta shekara ɗaya cur a tsakar gidana, jikata ma za ta iya sati biyu. Ranar sai ki kawo mini ita."

Auta ta yi dariya har wayar na rawa, ta ce ta yarda. Ita wasa ta ɗauka. Ni da na ga fuskarsa na san mun shiga aiki.

Irin ya iso wajen watan goma, a jakar wata mata 'yar cocinmu da ta je ganin ɗanta. 'Ya'ya ne jajaye kamar wake, a cikin leda mai laima, da takarda shafi guda da auta ta rubuta yadda ake yi. Baba ya ninke takardar ya sa ta a cikin littafin waƙoƙin coci, ya ce mutumin da kakansa ya noma acca a kan dutse ba ya bukatar wasiƙa. Sai ya yi wa irin abin da kowane manomin kirki yake yi wa iri mai daraja a wajenmu. Ya baza shi a faifai, ya ɗora a kan kwanon rufi, ya sha rana kwana bakwai har ya bushe ƙamas. Ya gauraya shi da toka don kada ƙwari su taɓa, ya zuba a kwalba, ya toshe bakin da tsumma. Da ruwan farko ya sauka ya shuka.

Masarar da ya shuka rana ɗaya da shi ta tsiro, ta yi tsawo, muka gasa muka ci. Magnoliya ko gezau. Da auta ta ji labarin shanya sai ta dafe kai.

"Baba, kun kashe shi! Layin farko a takardar nan cewa na yi kada a bar shi ya bushe!"

"Wane irin iri ne ba ya son rana?" in ji Baba. Amma muryarsa ta yi ƙasa. Da yamma na same shi a gindin mangwaro da takardar, yana bin ta da yatsa.

Shekara ta zagayo, iri na biyu ya iso, wannan karon muka bi takarda kamar ɗaliban da suka taɓa faɗuwa jarrabawa. A jiƙa 'ya'yan kwana biyu, a murje jan ɓawon har baƙar ƙwayar ta fito, a sa a yashi mai ɗan laima cikin leda, sannan a ajiye a firiji wata uku. Ba wajen da ruwa ke daskarewa ba, ƙasa inda ake sa kayan miya. Auta ta ce irin ba ya farkawa sai ya tabbata hunturu ya zo ya wuce, saboda haka dole mu yi masa hunturun ƙarya.

Nan gizo ya fara saƙa mana, domin firijinmu ya daɗe da zama kabad. Wuta ta kan zo ta gaishe mu ta koma, muna ajiye garin kwaki da faranti a cikinsa. Mai firiji na gaskiya a layinmu ita ce Madam, wata 'yar Kudu maso Gabas da ke sayar da lemo da zoɓo a bakin titi, wadda ta sa faranti mai ɗaukar hasken rana a rufin shagonta. Baba ya sa rigarsa ta coci, ya ɗauki ledar da hannu biyu, ni kuma na bi shi don kada ya yi bayanin da zai sa a kore mu.

Madam ta ɗaga ledar ta duba ta a haske. "Baba, yashi za ka sa mini a firiji? Abeg, ba magani ba ne ko? Ni ba na son wahala."

"Baƙi ne daga Kanada," in ji Baba. "Barci za su yi wata uku."

Na yi mata bayanin jika. Ta ce nata jikokin suna Aba, kuma ko su ɗin sai Kirsimeti take gani. Ta kwashe kwalaben zoɓo huɗu, ta ba ledar kusurwa guda ita kaɗai.

Daga ranar Baba ya sami wurin zuwa. Kowace safiya sai ya je shagon kamar mai dubiya a asibiti, ya gaida Madam, ya buɗe firiji, ya taɓa ledar ya ji laima, ya rufe. Labari ya bazu a layi. Masu gyaran mota da ke zuwa shan lemo suka riƙa tambayarsa, "Baba, yaya baƙi, sun tashi?" Shi kuma ya amsa da gaske, ya ce suna nan suna hutawa. Sati guda da aka yi hazo ya hana farantin cajin kirki, Madam ta tayar da janareta saboda ledar yashi, tana masifa tana zuba mai. Ban taɓa jin an zagi iri da ƙauna irin wannan ba.

A watan biyu muka shuka ƙwaya goma sha biyu a bokitan fenti. Farkon watan uku guda uku suka leƙo, kowace da ganye biyu. Baba ya kira auta tun ba ta tashi daga barci ba, ya kanga wayar a bakin bokiti, ya ce ta fara ƙirga.

Matsalar ita ce sun leƙo ne a tsakiyar bazara, lokacin da ko kaza ba ta yawo da rana. Biyu suka kwanta cikin sati uku. Ta ukun Baba ya kafa ya tsare. Ya mayar da ita gindin mangwaro, ya kafa mata rumfar buhu yana jiƙa shi sau huɗu a wuni. Ba ya ba ta ruwan famfo, sai na randa da ya kwana ya huce. Ya rufe bakin bokitin da ɓawon gyaɗa don kada ƙasar ta yi zafi. Da azahar idan iska ta tsaya sai ya jawo kujera ya zauna yana yi mata fifita, shi gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Na ce, "Baba, ni da kuka haifa ban taɓa samun wannan gata ba." Ya ce ai ni ban zo daga nesa ba.

Damina ta faɗi, baƙuwa ta sami kanta. Ta kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsa, ganyenta takwas, kowanne Baba ya san ranar fitowarsa. Muka yi ta aika hotuna. Auta ta daina dariya, ta koma ba da shawara.

Wajen Kirsimeti ganyen suka yi rawaya, suka zube ɗaya bayan ɗaya, ya rage tsinke tsaye a bokiti. Baba ya ƙi cin abinci. Auta ta ce a kwantar da hankali, haka take yi kowace shekara, a ɗan kankare ɓawon da farce a gani. Na kankare, sai ga kore shar a ƙasa. Ranar Baba ya ci tuwo malmala biyu, ya aika wa Madam da gwaiba cike da kwano.

Amma barcin nan bai ƙare ba. Bishiyar tana jiran sanyin ƙasarsu ne ya zo ya wuce kafin ta farka, mu kuma ɗan sanyinmu na Kaduna bai kai ya tashe ta ba. Watan ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, zafi ya dawo ya same ta ba ganye. Saura kwana tara ta cika shekara na kankare sama na ga launin ruwan ƙasa, na kankare tsakiya, na sauka har gindi. Ta bushe.

Ba zan ɓoye ba, ni na kawo shawarar ha'inci. Na ce tsinke tsinke ne a hoto, mu yi shiru kwana tara kawai, wa zai sani? Baba ya dube ni kamar ba shi ya haife ni ba, ya ce in kira masa auta.

"Ta mutu," ya ce da ita, ko gaisuwa babu. "Na yi iya yina. Kin fi ni gaskiya." Sai ya ƙara da cewa, "Kada ki kawo yarinyar nan. Na ga yadda zafin garin nan yake yi wa abin da bai saba da shi ba. Gara in riƙa ganinta a waya tana da lafiya."

Wannan magana ta fi mutuwar bishiyar yi mini ciwo. Shekara uku mutumin nan yana faɗa don a kawo masa jikarsa, yau shi da bakinsa yake cewa a bar ta.

Auta ta amsa masa tana dariya.

"Baba, kun makara. Tun kafin Kirsimeti na yanki tikiti, na watan takwas, ni da ita. Na so in bari ku ci gasar ne tukuna. Na ga yadda kuke riƙon abin da aka ba ku amana, babu inda 'yata za ta fi samun kula."

Baba ya miƙo mini wayar, ya tashi ya shiga bayan gida, ya daɗe yana wanke fuska.

Sun iso a watan takwas ana tsuga ruwa. Yarinyar ta cika shekara huɗu, ba ta jin Hausa sai "sannu", kuma da ta ga Baba a tsaye ba a cikin waya ba sai ta ɓuya a bayan uwarta. Wuni biyu tana leƙensa daga nesa. Shi kuma bai matsa mata ba, ya ci gaba da harkokinsa a tsakar gida yana satar kallonta.

A rana ta uku da hantsi yana zaune a kujerarsa yana ɓare gyaɗa, sai ta matso ta tsaya tana kallon hannunsa. Ya miƙa mata ƙwaya ɗaya. Ta ci, ta miƙo hannu, ya ƙara mata. Can sai ta dafa gwiwarsa ta hau cinyarsa kamar ta saba, kafin a jima gajiyar hanya ta kwashe ta, ta yi barci da kanta a ƙirjinsa.

Awa biyu Baba bai motsa ba. Abinci ya huce, kaji suka zo suka cinye gyaɗar a gabansa yana kallo. Na san ƙafarsa ta hagu da ke damunsa ta daɗe da yin tsami, na matso a hankali na ce bari in ɗauke ta in kwantar a ɗaki.

Ya ɗaga mini yatsa ɗaya, ya yi magana can ƙasa don kada ta farka.

"Bar mini ita."