Lallen Bayan Ɗakin Iya

Jiya da hantsi maƙwabciyata ta kwaɓa lalle, ƙamshinsa ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Wallahi sai da na ajiye faifan. Shekaruna sun doshi sittin, ina da jikoki, amma har yau in na ji wannan ƙamshi sai kunya ta rufe ni kamar wadda aka kama da hannu a tukunyar miya. Bari in gaya muku dalili, tunda masu yi mini dariya a kan maganar duk sun riga mu gidan gaskiya.

A Wudil na tashi, a hannun kakannina na wajen uba, domin ni ce 'yar fari, tun daga yaye aka miƙa musu ni. Kakana Baba Tsoho muke ce masa, kakata kuma Iya. Shi noma yake yi da damina, sauran lokaci yana zaure yana tufka igiyar shanu da yake kai wa kasuwa ran Juma'a. Mutum ne mai tsadar magana. In ya ce "to", sai ka zauna ka yi ta lissafin wace irin "to" ce.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa. Manyan motoci na ta ratsa gada ɗauke da siminti, gidajen ƙasa na komawa rufin kwano, duk wanda ya je Kano sai ya dawo da rediyo mai kaset a kafaɗa. Baffana, wan mahaifina, yana cikin waɗanda abin ya yi wa kyau. Ma'aikacin gwamnati ne a birni, an ba shi gida mai famfo da lantarki, ya kuma sayi Fijo fara. A daidai wannan lokaci ne idon Iya ya tafi. A hankali ya tafi, ba ciwo ba komai, har ta kai sai da lalube take gane ƙofar ɗakinta. An kai ta asibiti, likita ya ce sai haƙuri.

Azumin shekarar a ƙarshen damina ya faɗo, gero ya yi kai, kogi ya cika ya batse. Da aka kwana biyu da farawa, Baffa ya zo ya durƙusa a zaure ya ce in an yi sallah zai ɗauke Iya ta koma wurinsa gaba ɗaya, inda ba rijiyar da za ta faɗa, ba tuntuɓe. Ya san Baba Tsoho ba zai bi su ba, mutumin da ya sha rantsewa ba zai zauna a gidan da ba zaure ba. Baba Tsoho ya ce, "To." Da aka tambayi Iya, ta ce duk abin da Malam ya yanke shi ke nan.

Ku da kuka tashi a zamanin yau za ku ce, me ya hana ya buɗe baki ya ce kada ta tafi? Ba ku san mutanen ba. Ɗa ya zo zai yi wa uwarsa gata, sai uba ya tare hanya? Gari zai ce ya riƙe makauniya don son kansa. Ita kuma tana ganin ta zame masa kaya, tana jira ta ji ko zai ce uffan. Shekara kusan hamsin suna tare, ba ta taɓa kama sunansa ba, shi ma bai taɓa ce mata sannu da kwalliya a gaban mutane ba. Haka suka zauna, kowa na jiran kowa, kwanaki na tafiya.

Ana tsakiyar azumi Baffa ya dawo da kayan sallah. A cikinsu har da wani damin fure ja jawur, wardi, na roba, irin wanda ake yayi a birni ana jerawa a saman kabad. Ya miƙa wa Baba Tsoho yana murmushi, ya ce yanzu abin da maza ke ba iyalinsu ke nan ranar sallah, ya ba Iya ya zama na sallama. Ni kam na kasa ɗauke idona daga kansa, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Baba Tsoho ya juya shi, ya kai hanci ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Da wane idon za ta gani?" in ji shi.

Ya rataye shi a ƙusa tare da igiyoyin shanu. Washegari da safe sai ga shi ya jawo ƙayar magarya, ya kewaye wata bishiyar lalle da ke bayan ɗakin Iya, ya ce kada wanda ya taɓa ko ganye ɗaya sai bayan sallah. Bai faɗi dalili ba.

Ai kuwa gida ya ɗauka! Wannan lallen shi duk matan gidanmu da na maƙwabta ke zagewa su shanya su daka don ƙunshin sallah. Matan ƙannen babana suka yi ta gunaguni a madafa, wai tsufa ya zo wa tsoho da rowa. Wadda abin ya fi soka ita ce Iya, don ita ta dasa shi da hannunta. Na ji ta tana cewa, ƙasa-ƙasa, "Tun ban tafi ba har an fara raba ni da kayana." Daga ranar ta sa aka fara haɗa mata tufafinta a adudu.

Abin da babu wanda ya lura da shi, har ni uwar iyayi, shi ne lalle in ana yawan zage shi ba ya samun sukunin yin fure. In aka ƙyale shi kuwa sai ya fitar da wasu 'yan furanni ƙanana, fari-fari, ba su da wani kyan gani, amma ƙamshinsu da yamma yana iya tsayar da mai tafiya. Shi Baba Tsoho, furen nan yake jira.

Ni kuma hannuna nake tunani. Shekarata tara, ƙawayena duk sun tanadi lallensu, ni da bishiya a gidanmu zan fita yawon sallah da farin hannu? Ina! Ranar Juma'a, saura kwana biyu sallah, da Baba Tsoho ya tafi kasuwa, na sa muciya na ture ƙayar na shiga. Ban tsaya tsinkar ganye ba, rassan na bi ina zagewa tun daga sama, har da wasu 'yan ƙwayoyi da ke cunkushe a kan rassan, waɗanda ban san furen ne ke shirin buɗewa ba. Na bar ta tsirara kamar kazar da aka fige.

Da ya dawo bayan la'asar ya zagaya bayan ɗaki kamar yadda ya saba. Ina laɓe a bayan rumbu ina jiran bulala. Ya daɗe a tsaye. Ya sunkuya ya tsinci ƙwayoyin da suka zube a ƙasa, ya duba su a tafin hannunsa, sannan ya waiwayo ya gan ni. Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Da ma ya doke ni, da na fi samun sauƙi.

Washegari, jajibirin sallah, yana dawowa daga masallacin asuba ya fito da tsohon kekensa, ya ɗaura wani ɗan ƙoƙo a baya, ya fita bai ce wa kowa ga inda za shi ba. Sai daga baya muka ji labarin tafiyar a bakin mutanen da ya bi ta kansu. Ya fara da ƙauyen Dagumawa, gida-gida, yana tambayar mai lallen da ba a taɓa ba. Ana gobe sallah! Mata suka yi ta dariya, suna cewa Malam ka makara, ko kututture an kusa cinyewa. Aka ce ya gwada gaba. Ya gwada gaba, can ma an zage. Ruwa ya tare shi a hanya, laka ta riƙe ƙafar keke, ya sauka ya tura. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, da azumi a bakinsa. Wani ya ba shi shawara ya koma gida, ya ce bai fito don ya koma haka ba. Sai wajen Lajawa, a wani kufai da masu shi suka tashi suka koma birni, ya tarar da lalle ya girma ya fi shi tsawo, ba mai zagewa, fure ya rufe shi.

Mu a gida ba mu san wannan ba. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce. Iya, wadda ta yi kwanaki ba ta tanka masa, ta fito da tabarma ta zauna a bakin ƙofa. Ko akuya ce ta motsa a zaure sai ta ce, "Malam ne?" Aka kira magariba, na kawo mata kunu, ta ture kofin ta ce ba ta sha sai ta ji shigowarsa. Ana idar da salla muka ji ƙarar keke. Ya shigo jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, ya wuce ɗakinsa da ƙoƙon a rufe da hularsa.

Ranar sallah, da aka sauko daga idi, Fijon Baffa na ƙofar gida, an riga an saka adudun Iya a ciki. Ina ɗakinta, ina ɓoye hannuwana da suka yi ja jawur a cikin zane, sai Baba Tsoho ya yi sallama, abin da ba ya yi da rana. Ya tsuguna, ya kamo hannunta ya buɗe, ya zuba mata furen.

"Ga goron sallarki," in ji shi.

Kafin ta kai hanci ƙamshin ya cika ɗakin. Ta shiga shafa furen da ɗan yatsa. Can ta ce, "Wannan ba na bayan ɗaki ba ne. Na bayan ɗaki ja'irar nan ta gama da shi, ina jin ta. Ina ka samo?"

"Nan gaba kaɗan."

Ni dai bakina bai taɓa iya riƙe magana ba, kuma mai kawo mana madara ta riga ta fesa labarin a tsakar gida. Na ce, "Iya, ba nan gaba kaɗan ba ne, har Lajawa ya je, a keke, ruwa ya doke shi!" Ya harare ni, ya tashi ya fita da sauri kamar shi ne ya yi laifi.

Iya ta ɗebi furen ta soke a bayan kunne, ƙarƙashin kallabi. Ta ce in kira mata Baffa. Da ya shigo ya durƙusa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Amma a sauke mini kayana. Mutumin da zai hau keke ya tafi Lajawa da azumi neman fure, ai hankalinsa bai kai a bar shi shi kaɗai ba." Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin fuskarta. Baffa ya dubi furen da ke kunnenta. Shi da kansa ya ɗauko adudun ya dawo da shi.

Shekara huɗu suka ƙara tare. Shi ne idonta, yana riƙe mata buta, yana gaya mata in hadari ya haɗo. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ita ce a gefensa tana lalubar bakinsa tana ɗiga masa ruwa.

Yanzu komai a fili ake yinsa. Jikokina na faɗa wa juna so a waya sau goma kafin azahar, ban ce laifi ba ne, wataƙila ma sun fi mu hutawa. Amma ni a hannun waɗancan na tashi. Gwiwoyina sun fara ba ni wahala, kuma 'ya'yana sun matsa in koma birni wurinsu, inda likita ke kusa. Mahaifinsu, da shi da gonarsa sai mutuwa, da suka gaya masa cewa ya yi, "To." Da ƙaramar sallar nan na tara su na ce su daina wahalar da kansu, ba inda za ni. Babbar ta ce, "Umma, Baba ne ya ce ki zauna?"

Na ce bai ce ba, kuma ba zai ce ba. Ni dai na ji shi.