Yoyon Moton Kawu

Har yau in na bi ta gaban masu gyaran moto, wato babur, a Tawa, warin baƙin mai da ya ɗiga kan ƙarfe mai zafi ya bugi hancina, sai ƙafata ta rage sauri ba da sanina ba. Wasu toshe hanci suke yi. Ni kuwa gida warin nan yake kai ni, can wani ƙauye a ƙasar Buza, gindin dutse, shekarar da zan rubuta satifika, jarrabawar gama firamare.

Mai karatu, in ba a Adar ka tashi ba, da wuya ka san yadda ruwan fari yake juya gari. Ranar da ya sauka, ba mai sauran magana sai ta shuka. Ƙasa ja ta yi taushi, ƙamshinta ya cika ɗakuna, kowa ya saɓi sungumi da ƙwaryar iri tun rana ba ta ɗaga ba. A shekarar nan ruwan ya zo daidai da lokacin jarrabawa, wadda a Buza ake yin ta. Ƴan ajinmu maza sun riga sun tafi a ƙafa tare da mushe, malaminmu. Ni kaɗai ce mace a ajin, ga shi na taka ƙaya, ƙafa ta kumbura. Motar kasuwa ba ta zo ba saboda korama ta cinye hanya. Baba kuma ya faɗi tasa a fili: jakinsa na gona ne, shi ma na gona ne, in na rasa ta bana, to, lakkwal, wato makaranta, ta ƙare, in zo in kama wa inna aiki. Ba mugunta ba ce. Mutumin da ya ga yunwar shekarun baya ba ya wasa da ranar shuka.

Abin da ya rage shi ne moton kawu. Ƙanen innata ne, ya dawo da shi daga ci-rani a bakin teku, tsoho tun ranar da ya saye shi. Jan fentinsa ya koɗe, kujerarsa ɗaure da igiya. Yana da agogo biyu a goshi, ɗaya na gudun tafiya, ɗaya na gudun inji, kuma kawu ya fi ji da na biyun, don allurarsa tana rawa ko moton yana tsaye. Sai dai ya daɗe yana yoyo. Duk wandon kawu yana da baƙin tabo a ƙauri. A ƴan kwanakin nan yoyon ya tsananta, mai yana gangarowa kan bututun hayaƙi yana ƙauri, kuma ɗan abin da ya rage masa a gwangwani bai kai a yi ta ƙari a hanya ba. In inji ya bushe a tsakiyar dutse, ya mutu ke nan, mu ma mun tsaya.

Da hantsin jajibirin tafiya kawu ya jingine shi ƙarƙashin bagaruwar gidan kaka. Ni ina zaune kan tabarma da ƙafa a miƙe, littafi a cinya, amma ba abin da nake karantawa. Ya wanke injin tas da kananzir, ya bar shi ya sha rana. Sannan ya ɗebo toka daga murhu ya barbaɗe shi har ya yi fari fat, ya tayar da shi, muka zuba ido. Can sai wani siririn layi baƙi ya fara tsaga tokar. Ba daga tsakiyar inji ya fito ba, inda kawu yake tsoro. Daga sama ya fito, a gefe, daidai inda wayar agogon gudun inji take shiga.

Kawu ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Alhamdu lillahi. Ciwon ƙarami ne, ɗiyata.”

Ƙarami ne, amma ya ci mana yini. Ƙusa guda ce mai zare take riƙe da ɗan ƙarfen da wayar ke shiga, kanta kuwa ya cinye, turnabis, abin kwance ƙusa, sai zamewa yake yi. Kawu ya yi ta bugun gefenta a hankali da kurfi da guduma, gumi yana ɗiga daga gemunsa, har ta juya. Da ya zaro ƙarfen, sai ga wani zoben roba a wuyansa, ya bushe ya tsage kamar gautan da ya daɗe a rana. Ya taɓa shi, ya karye biyu. Irinsa sai Madawa, ko Ƙonni.

Ya yanko zobe daga tsohon shambur, robar iska ta cikin taya, ya sa, ya mayar, ya tayar. Da fari ba yoyo. Har na fara murmushi. Da injin ya yi zafi, robar ta saki, mai ya dawo ya fi na da. Kawu ya zauna a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Ni kuma na juya fuska ga bango don kada a ga idona.

Duk wannan abu kaka tana bakin ɗaki tana kaɗi, mazari yana juyawa a tasa. Ita ba ta taɓa son moton nan ba, jakin ƙarfe take ce masa, mai ci ba ya haihuwa. Ba ta taɓa son lakkwal ba kuma. Amma ta ga bayana yana motsi. Ta aje abawa, ta jawo jiki, ta karɓi ƙarfen ta juya shi kusa da idonta.

“Mi ka hana a naɗe wuyan ga da zare?”

“Inna, wanga ba tulu ba ne. Mai ne, da zahi.”

“To, in ka shahe shi da kakin zuma hwa?”

Kawu ya dube ta, ya dubi ƙarfen. Ya dai tashi ya ɗauko kakin. Tare suka yi aikin. Ita ta murza zare mai ƙarfi a cinyarta ta ja shi cikin kaki, shi ya naɗa shi a ramin da zoben yake, yana gwadawa, yana warwarewa in ya yi kauri. Suna yi suna gardama, kamar yadda suka saba. Da ƙarfen ya shiga da ƙyar, ya matse, kawu ya ɗaure ƙusar, ya sake barbaɗa toka. Aka tayar. Injin ya yi zafi, kawu ya hau ya zagaya gari, ya dawo. Tokar tana nan fara.

Kaka ta koma wajen mazarinta ta ce, “Ke ƴar lakkwal, in kin hwaɗi, ki biya ni zarena.”

Da safe muka kama hanya. Gonaki cike da mutane, layi-layi, masu sara a gaba, masu zuba iri a baya. Baba ya ɗago daga nesa ya ɗaga mini hannu. A bakin korama kawu ya goya ni ya ƙetare, ya koma ya turo moton, ruwa har gwiwa. Duk inda muka tsaya sai ya sunkuya ya shafa wurin da yatsa, ya nuna mini yatsan, ba ɗigon mai. Mun isa Buza ana kiran sunaye. Na ci jarrabawar, na wuce kwaleji, daga nan na zama malama.

Yanzu ƙauyen namu yana da kwalejinsa, ƴan mata sun kusa fin maza yawa a aji. Moto kuwa ya fi jaki yawa, kayan gyaransa har a tiren mai shago, abu in ya lalace a cire a jefar a sa sabo. Wani lokaci nakan ji kewar haƙurin mutanen da, amma ba na yi wa yaran yanzu fatan wahalarmu. Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Kawu ya tsufa, ido ya yi rauni. Bara da ciwon ƙirji ya kama shi, ɗiyata ce, wadda take aikin jinya, ta ɗora shi bayan motonta ta kai shi likita. Da suka dawo na tambaye shi yadda ya ji tuƙinta. Ya gyara rawani, sannan ya ce, “Ta iya. Amma kada ki gaya mata.”