Waken da Waya Ta Yaba

Shekara arba'in ina sayar da hatsi a kasuwar Jibiya, ban taɓa kai wa kowa mutumin banza ba sai ranar da na kai jikana.

Ilimin noma ya karanta a jami'a. Awakina biyu na sayar aka saya masa kwamfuta. In ya zo hutu ina lura da shi: ba littafi, ba gona, sai ya tambayi waya ta ba shi amsa ya kwafe. Na ce, "Maigida, kai ke karatun ko ita?" Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, zamani ya wuce ki."

Ya gama, ya shekara biyu yana tura takardun neman aiki ta waya, shiru. Sai na ji wani Alhaji mai loda wake zuwa Maraɗi yana neman wanda zai riƙa duba kaya kafin a ɗora a mota. Tun yana saye da kwano nake auna masa. Na je da ƙafata na ce, "Ina da yaro, ya san hatsi." Ya ce, "Inna, maganarki ta isa, amma ya zo in gani."

Muka je rumfarsa da hantsi. Ya sa aka kwance buhu, ya ce, "Malam, duba mani wannan. In saya?"

Daga inda nake zaune na ji warin. An zuba masa fiya-fiya don kashe ƙwari, kuma akwai ɗanyen gumi a ƙarƙashi, alamar bai bushe ba aka ɗura. Saman kuwa fari tas, an zaɓo masu kyau an shimfiɗa. Duk wanda ya taɓa sayen wake ya san abin yi: ka tura hannu har gwiwa, ka ɗebo na tsakiya, ka shinshina, ka ciza. Busasshe ƙas yake yi.

Jikana bai ko sunkuya ba. Ya zaro waya ya ɗauki hoton saman buhun. Da yake muna bakin iyaka, sai layin Nijar ya kama wayar, ta ƙi aiki. Ya yi ta ɗaga ta sama yana zagaya rumfa, 'yan dako suna kallo. Wani ya ce, "Malam, ruwa kake roƙo?" Da ƙyar ta dawo. Ya karanto da murya mai ƙarfi: wake mai daraja ta ɗaya.

Alhaji ya ce, "Ɗan ciza mana."

Jikana ya yamutsa fuska ya ce babu tsafta.

Alhaji ya naɗe hannun riga, ya tura, ya fito da na tsakiya: ya yi baƙi-baƙi, yana manne wa juna. Ni ya kalla, ya ce, "Inna, a gaida gida." Da ya zage ni da ya fi mani sauƙi.

A hanya ina jira in ji ko kunya za ta sa ya yi shiru. Ina! Cewa ya yi laifin wayar ne, ta tsufa, idonta ba ya gani sosai. Da zan taimaka a sayi sabuwa, wannan ba za ta sake faruwa ba.

Na tsaya, na kwance bakin zane inda nake ƙulle waken gwaji, na zuba masa a tafin hannu. Na ce, "Akuya ɗaya ta rage mani, kuma ta fi ka, don ita ba ta cin abu sai ta shinshina. Ciza."

Ya tsaya yana kallon waken, wayar na ɗaya hannun. Ban jira ba, na wuce kasuwa.