Jar Motar da Ta Zaunar da Babana

Lokacin da wannan abu ya same ni, ni mai sayar da atamfa ne, ina zaune a Zongon Kumasi da matata da mahaifina. Kasuwa ta fara buɗe mini, kuma ban san komai a mota ba sai tuƙi. Baba kuwa direba ne a ƙuruciyarsa. Ya yi wa wani Bature mai harkar katako aiki, kuma Baturen yana da wata 'yar jar mota mai kujera biyu, marar rufi, wadda Baba yake fita da ita idan maigidan ya tafi hutu. Da labarin motar nan muka tashi. Ko da tsufa ya kama shi, kunnensa ya yi nauyi har sai an ɗaga murya yake ji, bai daina ba mu labarinta ba.

Ina da wani aboki da muka taso lungu ɗaya, fita ne, wato makanike, yana da gareji wajen Tafo. Wata rana ya kira ni ya ce ya tsinto irin motar Baba a wani gida a Atonsu, ta daɗe a yashe ƙarƙashin bishiya, ya tayar da ita. Da na je na gan ta, sabon fenti yana ƙyalli, kujeru sun sha fata, sai hankalina ya tafi. Mun zaga da ita. Duk sanda na saki kuloci sai in ji wani ƙwas daga baya, kuma idan na ɗaga ƙafa daga totur sai bayan ya ɗan goce gefe, kamar motar tana son bin wata hanya dabam. Na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce haka tsofaffin motocin tsere suke, kuma ya rantse cewa duk abin da ke ƙarƙashinta ya sabunta shi da hannunsa. Mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya ne, ban ga dalilin kai ta wani wuri a duba ba. Na saya.

Washegarin babbar salla da safe na kawo ta ƙofar gida. Baba ya fito da babbar riga, ya zagaya ta yana shafawa, idonsa ya cika da hawaye. Ya shiga ya zauna kamar saurayi. Muka wuce Tafo muka hau hanyar da ke da tudu da kwanoni, iska tana kaɗa masa riga, yana ta yi mini ihu in ƙara mata wuta. A wata kwana mai gangara wata trotro, motar haya, ta tsaya kwatsam don ɗaukar fasinja. Na ɗaga ƙafa na taɓa birki. Sai na ji bayan motar ya ɗago, wani abu ya karye da ƙara, tayar baya ta lanƙwashe ciki, muka juya muka faɗa kwata ta ɓangaren Baba. Ni ƙujewa kawai na yi. Shi ƙashin ƙugunsa ne ya karye.

Yana kwance a asibiti na sa aka ja motar zuwa Magazine, unguwar masu gyaran mota, wani fita dabam ya ɗaga ta muka leƙa tare. Ya bayyana mini cewa a irin waɗannan motoci, ƙarfen da ke juya tayar baya shi ne kuma yake riƙe ta, kuma ko da lafiyarsu ƙalau, bayansu yakan ɗago idan aka sassauta gudu a tsakiyar kwana. Sai ya nuna mini abin da aka yi. Mahaɗin ƙarfen ya cinye, an bubbuga shi an ɗiga masa walda. Robobin da ke riƙe da bayan an yanko su ne daga tsohuwar taya. Sifirin ya gaji ya kwanta. Cikin aksul kuwa an cusa giris mai kauri da garin katako, don kada a ji kukansa.

Abokin nawa ya zo dubiya da lemo a leda, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce ƙaddara ce. Na bi shi waje na gaya masa abin da na gani. Bai musa ba. Ya ce mini, "Ɗan'uwa, kayan motar nan ba a samunsu ko'ina. Da na gaya maka da ba ka saya ba. Ni na ɗauka cikin unguwa kawai za ka riƙa zagayawa." Wannan ce duk amsar da na samu. Da na ce zan kai ƙara, manyan unguwa suka taru a kaina, suka ce iyayenmu tare suka zo garin nan, kada in ɓata zumunci saboda ƙarfe. Babu wanda ya ce masa ya ba da haƙuri, ni aka ce in yi haƙuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai taɓa ɗora mini laifi ba. Da na ba shi labarin ƙarar da na ji tun ranar farko, sai ya ce, "Da kunnena yana ji, ɗana, da ba mu wuce bakin layi ba." Kansa ya zarga. Bai sake takawa da ƙafarsa ba, mutumin da ba ya rasa sahun gaba sai ga shi yana salla a zaune a ɗaki har Allah ya karɓi ransa.

Na rubuto ne don masu sha'awar tsofaffin motoci. Fenti da kujera ba su suke riƙe ka a kan titi ba. Idan bayan mota yana ƙara ko yana gocewa, kada ka ɗauki kowa a cikinta sai an ɗaga ta ka gani da idonka, kuma wanda zai duba kada ya zama wanda zai sayar maka, ko da ɗan'uwanka ne. Rantsuwa ba ta gyara ƙarfen da ya cinye. Abokina yana nan a garejinsa har yau, mutane suna yaba kyan fentinsa, kuma idan mun haɗu a masallaci shi ne yake fara miƙo mini hannu.